Bugun Ƙarshe na Filimon Mai Ƙarfe

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, don in na faɗa wani cikinku zai miƙe ya ce kakansa ne ya kafa garin. Tun da daɗewa ne, zamanin da in mota ta wuce sai a ajiye fartanya a je kallon sawunta. Ku saurara, 'yan'uwa. Ku na baya masu latsa waya a ƙarƙashin benci, ina ganinku. Idon da ya hango kububuwa cikin ciyawa, ba waya ce za ta ɓuya masa ba.

Ni da kuke gani ban taɓa zama a aji ba. Ko sunana aka rubuta a bango, sai in yi masa sannu in wuce. Amma agana ta kama ni ta sake ni, ga zanenta a fuskata. Yunwa ta kwashe sa'o'ina ta bar ni. Kwalekwale ya kife da ni a tsakiyar kogi, na fito da hulata a kaina. An ƙone mini gida na gina, aka sake ƙonewa na sake ginawa, har na ƙara ɗaki. Saboda haka in na yi maganar wahala da tsaro, ba a rediyo na ji ba. Fasto ya ba ni wuri yau saboda gunagunin makon jiya. An ce a yi addu'a da baiko domin mutanen wata ƙasa mai nisa da bala'i ya auka wa, sai na ji wasu na cewa, "Mu da muke barci da ido ɗaya, wa ya yi mana?" To, ga amsata, amma sai kun bi ni a hankali.

Sunan mutumin Filimon. Gajere ne, gonarsa ƙarama. Ba dattijon ikkilisiya ba ne, ba ya cikin mawaƙa, don muryarsa kamar ƙyauren da ya yi tsatsa take. Aikinsa ɗaya, buga ƙarfe. Majami'ar garin ba ta da ƙararrawa, sai wani guntun ƙarfen layin dogo da aka rataye a reshen ɗorawa, kusa da ƙofar gari. Garin kuwa kewaye yake da shingen ƙerana, itacen nan mai ƙaya da ruwansa ke makantar da ido, ƙofa ɗaya tak. Daga gindin ɗorawar ana hango kogi, ana hango hayin kogi.

Bugu iri biyu ne, ku riƙe wannan da kyau. Akwai bugun sujada, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. In aka ji shi, kowa sai ya taho majami'a hannu sake, maza da mata, domin al'adar garin ba a zuwa ɗakin Allah da makami, ko wuƙar yankan kubewa ce. In aka ji shi ba a lokacinsa ba, to an yi rasuwa ke nan, a zo a yi addu'a. Akwai kuma bugun gangami, da sauri, ba numfashi. In aka ji shi, mata su kwashe yara su shige ɗaka, maza su ɗauko baka da kibiya mai dafi su ruga mashigin kogi. Doka kuwa ita ce, duk ranar da aka ga mutanen hayi sun taho a ƙungiya, bugun gangami ne, kuma a mashigi ba a tambaya, harbi ake yi.

Me ya kawo wannan doka? Fadama. Mutanen hayi yarensu daban, addininsu daban, amma fadamar da ke bakin kogi kowa na cewa ta kakansa ce. Wata shekara aka yi faɗa a kanta, aka ƙone rumbuna, aka kashe mutane ta nan da ta can. Cikin waɗanda suka faɗi har da Sila, ɗan Filimon, shi kaɗai ne ɗa namiji a gidan, saurayi da aka fara yi masa maganar aure. Kibiya ce ta same shi a wuya, ba a san wanda ya harba ba.

To, Filimon yana da wani hali da ya dami mutane. Tambaya. Mutumin nan ko kaza ya gani tana ɗingishi sai ya tsaya ya ji dalili. Akwai wani falke, Nomau mai gishiri, da ke ratsa garin da jakunansa. Shi ne rediyonsu, shi ne wayarsu. In ya sauka a gindin ɗorawa, kowa ya sayi gishirinsa ya tafi, Filimon sai ya gyara zama.

"Nomau, ina labari?"

"Sai alheri. Sai dai an ce can bakin teku ƙasa ta yi girgiza, ta haɗiye gari guda."

"Ƙasa? Wannan da muke takawa? Gabas ne ko yamma?"

"Oho. Ni ma a bakin wani direba na ji."

"In ƙasa ta girgiza, kaji ina suke gudu? Mutanen suna cin tuwo? Yaran da suka rage, wa ya ɗauke su?"

"Filimon, gishiri nake sayarwa. Ba ni na girgiza ta ba."

"To, ya sunan garin?"

Nomau sai ya faɗi wani suna da shi kansa bai iya ba, Filimon ya gwada, harshe ya ƙi. Sai ya ce, "Bari dai in kira shi Garin Girgiza. Ubangiji ya san inda nake nufi."

Washegari da safe, da ya gama bugun sujada, sai ya ɗan dakata, ya ƙara bugu ɗaya shi kaɗai. Bakinsa na motsi. Ba wanda ya kula. Nomau ya sake zuwa da labarin wata ƙasa da fara ta cinye hatsinta har da jinkar ɗaki. Bugu ya ƙaru. Ya zo da labarin ƙasar Turawa, wai suna yaƙi da juna suna jefa wa birane wuta daga sama. Filimon ya riƙe haɓa ya ce, "Ashe su ma suna kuka? Wa ke binne musu gawa in kowa ya gudu?" Bugu ya ƙaru. Sannu a hankali wutsiyar bugun ta fi jikinsa tsawo.

Sarkin bakan garin, Dogara, wanda tsaron gari ke hannunsa, ya tare shi wata safiya.

"Kai Filimon, ƙarfen nan bashi ya ci maka ne? Mutum ya ji an gama, ya ɗaga ƙafa, sai ya ji wani ƙwam."

"Ranka ya daɗe, na mutanen da ke shan wahala ne. Kowace ƙasa da nata."

"Ka san su?"

"Ban san su ba. Shi ya sa nake tambaya."

"Suna jin ƙarfenka daga can?"

"Ba su nake so su ji ba."

Dogara ya girgiza kai ya ce, "In ka gama da na duniya, ka tuna aikinka ido ne a kan hayi."

Ku saurara, yanzu za a zo wurin. Wata rana Nomau ya sauka, ya sha ruwa, bai fara da labarin teku ba. Ya nuna hayin kogi da leɓe.

"Ƙyanda ta shiga wa maƙwabtanku. Yara take ɗauka. Na ga wata mata ta binne biyu rana ɗaya."

Filimon, mai tambaya, ya kau da kai. Ga kabarin Sila can bayan majami'a, ana hango duwatsun da aka jera a kansa. Can dai bakin ya fi ƙarfinsa.

"Yaran, manya ne ko na goye?"

"Duka."

"Matar da ka ce, tana da saura?"

"Ɗaya."

Da safe ya buga sujada, ya buga na Garin Girgiza, ya buga na Ƙasar Fara, ya bi su duka. Sa'an nan ya ɗaga gudumar, hannu ya ƙi sauka. Ya tsaya haka kamar an dasa shi, har tsuntsayen da suka tashi daga ɗorawa suka dawo. Sai ya buga.

Matarsa Lai'atu tana jiransa a ƙofar gida da muciya a hannu. Ita ta san lissafin bugun mijinta kamar yadda ta san tukwanenta.

"Na ƙarshen nan na wa ne?"

"Na wasu yara ne."

"Yaran ina?"

Ya kalli ƙasa. Ta ce, "Baban Sila, kalle ni. Yaran ina?"

"Na hayi."

Ta juya masa baya. Ta koma ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miya ba gishiri, alhali Nomau ya sauke gishiri jiya. Haka ya yi ta shan miya lami har aka yi girbi. Bai yi ƙorafi ba, bai kuma daina bugun ba. Kullum sai hannun ya tsaya a sama kafin na ƙarshen, kullum kuma sai ya sauka. Ni na san irin wannan nauyin hannu. Wanda bai taɓa tsayawa a kan tokar ɗakinsa ba, ba zai gane ba.

Shekaru suka shuɗe. Wata rana da kaka, hantsi ya ɗaga, kowa na gona ana yankan dawa, Filimon na gindin ɗorawa yana gadi, Lai'atu ta kawo masa kunu. Sai suka ga hayaƙi ya turnuƙe a hayin kogi, baƙi ƙirin, ba irin na ƙona daji ba. Jim kaɗan sai ga mutane sun ɓullo daga cikin ciyawa, jere, suna gangarowa mashigi. Da yawa.

Lai'atu ta ajiye ƙwarya ta ce, "Ga su nan. Buga."

Filimon ya ɗauki guduma. Doka a fili take, ba ta da kwana. Ya ɗaga hannu. Amma halin mutum jarinsa, 'yan'uwa, ido ya riga hannu.

"Lai'atu, me ya sa suke tafiya a hankali?"

"Ka buga, ka yi tambayarka daga baya."

"Wancan na gaba, mene ne a kansa? Kamar turmi."

"Ko dutsen niƙa ne, ina ruwanka?"

"Ke kin fi ni ido. Wancan abin da ke bayan dogon can, kaya ne ko mutum?"

Ta kare ido da tafi ta duba. Ta daɗe. "Tsoho ne. Ya goya shi."

"To, wane mahari ne ke zuwa yaƙi da ubansa a goye?"

"Irin wanda ya san akwai wawa a bakin ƙofa. Ba Nomau ya gaya maka ba, a wani gari mahara suka sa mata a gaba suka ɓuya a baya? Kai ne ma ka ƙara wa mutanen garin bugu."

Gaskiyarta. Kada ku ce matar nan muguwa ce. Maganarta tana kan hanya, kuma ita ta wanke gawar ɗanta. Filimon ya tsaya tsakanin abu biyu. In ya buga gangami, Dogara da mutanensa za su iso mashigi kafin waɗancan su gama ƙetarewa, kuma mutumin da ruwa ya kai masa ƙugu ba ya kauce wa kibiya. In mata da yara ne, kogin zai yi ja, kuma shi ya kira. In kuwa bai buga ba, alhali dabara ce, ya sayar da garinsa da hannunsa.

Ga abin da ya yi, ku bi shi daki-daki. Da farko ya ruga ya ja ƙyauren gari, ya bar 'yar kafa ta mutum ɗaya, ya jingina gungumen da ake tokarewa kusa. Sa'an nan ya dawo ya buga ƙarfe. Ba gangami ba. Bugun sujada, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ya bi da na Garin Girgiza da sauransu, ya tsaya, ya buga na ƙarshe. Sai ya miƙa wa Lai'atu gudumar.

"Zan gangara mashigi in tambaye su. Ina fita ki tokare ƙofa. Masu dawowa daga gona za su zo, ki buɗe musu ɗaya ɗaya. Idonki a kaina. In kin ga na faɗi, ki buga gangami da duk ƙarfinki."

"In kuma na buga tun kafin ka faɗi fa?"

"Guduma na hannunki, Maman Sila. Ni dai na tafi."

Ya fita, ba sanda, ba wuƙa. Kada ku ɗauka ba ya jin tsoro. Wuyansa na yi masa ƙaiƙayi daidai inda kibiya ta sami ɗansa. Yana tafe yana cewa, "Ya Yesu, in wauta na yi, ka sa ta tsaya a kaina ni kaɗai." Ko a hakan ma, da ya matso, sai ya sami kansa yana mamaki, ashe turmin ba turmi ba ne, tukunya ce, da kaza a ciki.

Na gaban suka tsaya a cikin ruwa da suka gan shi. Wata tsohuwa ta ratso su, zaninta ya ƙone ta gefe, tana riƙe da hannun wata yarinya. Tana jin Hausar kasuwa.

"Kai ne mai ƙarfe?"

"Ni ne, Inna. Sunana Filimon. Ke fa?"

"Gwamma."

"Inna Gwamma, wa ya sa muku wuta?"

"Wasu ne daga nesa, a kan dawakai. Ba mu san yarensu ba. Sun kwashe shanu, sun kashe wanda ya tsaya."

"Suna bayanku?"

"Sun bi shanu. Ko za su dawo, Allah ya sani."

"Akwai makami a cikinku?"

Ta juya ta yi magana da yarensu. Wasu maza suka ɗaga bakuna sama, suka miƙo. Filimon ya karɓa ya rungume kamar itacen girki. Sai tambayar da ke cinsa ta fito.

"Inna, kun san dokarmu a kan mashigin nan. Ga daji ta gabas, ga daji ta arewa. Me ya sa kuka nufo nan?"

"Saboda namu."

"Naku wane?"

"Bugunmu. Kullum da safe muna jin ƙarfenka ta kan ruwa. Muka ga yana ƙara tsawo, muka tambayi Nomau. Ya ce kowane bugu na wasu masu wahala ne, kuma tun shekarar ƙyanda na ƙarshen namu ne. Maza suka ce ƙarya ce. Mu mata muka riƙa tsayar da daka muna jira. Mun lura kana dakatawa kafin ka buga shi, muka ce lalle mutumin nan yana girmama mu. Yau da muka iso bakin ruwa, maza suka ce a juya, za a harbe mu. Sai muka ji ka buga. Na ce a tsaya a ji ko namu zai zo. Ya zo."

Filimon bai gaya mata dalilin dakatawar ba. Ya juya ya kalli gari. Can a gindin ɗorawa ga Lai'atu tsaye, guduma a sama. Ya san tana ganinsa kewaye da mutanen hayi. Hannun ya daɗe a sama, kamar yadda nasa ke yi. Sai ya ga ta sauke shi a hankali.

A cikin gari kuwa mutane sun baro gonaki sun taru a majami'a hannu sake, suna tambayar wa ya rasu. Dogara ya leƙa ta kan shinge, ya ga abin da ke tahowa, ya daka tsalle zai koma gida ɗauko baka. Amma kafin ya kai ko'ina jerin ya iso ƙofa, Filimon a gaba da bakunan mutane a rungume, bayansa tsoho a goye, da jarirai, da kaza a tukunya. Mutumin da ya fito sujada, ya ga wannan da idonsa a kusa, harbi ya wuce shi. Matan zumuntar majami'a ba su jira dattawa ba. Wata ta karɓi jariri, wata ta ruga ɗebo ruwa. Lai'atu ce ta janye gungumen. Ta kalli Gwamma, Gwamma ta kalle ta. Sai ta ɗauki ƙwaryar kunun mijinta ta miƙa wa yarinyar.

Kuna jira in ce aka ɗaga Filimon sama aka yi masa guɗa? Ba haka duniya take ba. Da yamma dattawa suka zauna, Dogara ya miƙe.

"An ba ka ƙarfe don ka faɗa mana gaskiya. Ka kira mu sujada alhali ka ga mutanen hayi. Da dabara ce fa? Da ka tara mu wuri ɗaya hannu sake, kamar awaki a turke."

"Ranka ya daɗe, na rufe ƙofa, na bar mai bugawa."

"Da mahayan sun biyo sawunsu fa? Har yanzu ma wa ya ce ba za su zo ba? Yau ka ci sa'a. Gari ba ya rayuwa a kan sa'ar mutum ɗaya."

Filimon ya ce, "Gaskiya ne. Na karya doka. Abin da kuka yanke daidai ne."

Aka karɓe gudumar aka ba wani. Bai yi musu ba. Dogara kuwa, a ba shi haƙƙinsa, bai kori baƙin ba. Ya mayar wa mazansu bakunansu, ya haɗa su da nasa, aka riƙa gadin mashigi tare. Mahayan ba su zo ba. Ko yawan masu gadi suka hango, ko Ubangiji ne ya juya kan dawakansu, in kun je sama ku tambaya. Abin da na sani, shekarar an sha wuya. Dawar da aka noma don gari ɗaya, gari biyu suka ci. Kafin ruwa ya sauka an ci tafasa da rama ba tuwo. An yi ɓatan awaki, an yi zage-zage. Wasu har suka mutu ba su daina cewa Filimon ne ya jawo musu ba. Alheri yana da tsada, duk wanda ya ce muku kyauta ne, bai taɓa yi ba.

Sabon mai ƙarfe yana bugunsa gajere, tsaf, yadda doka ta ce. Sai wani abin mamaki. In ya gama, mutane sai su sami kansu tsaye da ƙafa ɗaya a sama, suna jiran abin da ba ya zuwa. Can kuma daga wajen gonar Filimon sai a ji wani ɗan sauti siriri, ƙyal, ƙyal. Ashe ya cire ruwan fartanyarsa ne yana bugawa da dutse, yana bin ƙasashensa ɗaya ɗaya. Wata safiya ya ɗaga kai, sai ga Dogara tsaye a kunyar gona.

"Wanda ka buga yanzu, na su wa ne?"

"Na Ƙasar Fara."

"Har yanzu ba su farfaɗo ba?"

"Ban ji labari ba. In na ji sun samu sauƙi sai in cire nasu bugun."

Dogara ya shafa gemu. "Mutanen da ƙasa ta haɗiye musu gari, ka ce a bakin teku suke? Tekun nan, da gaske ba a hango ƙarshensa?"

Kun ji. Ciwon tambaya yana yaɗuwa.

Da damina ta wuce mutanen hayi suka shirya komawa su gina garinsu. Gwamma ta zo sallama, ta sami Filimon yana gyaran shinge. Ta tsuguna.

"Mai ƙarfe, ka tambaye ni yadda muke jiƙa gero, ka tambaye ni sunan kowane jikana, ka tambaye ni ko kajinmu na jin yarenku. Abu ɗaya ne ba ka tambaya ba."

"Wanne?"

"Wanda ya harbi ɗanka."

Hannunsa ya tsaya a kan ƙaya. "Kin sani?"

"Na sani. Ya ci tuwon garin nan."

Filimon, wanda ko kaza ba ya bari ta wuce bai ji dalilinta ba, ya daɗe yana kallon bayan majami'a. Sa'an nan ya ce, "Riƙe abinki, Inna. Bugun ƙarshen nan da ƙyar nake sauke shi. In na san fuskarsa, ina tsoron wata safiya hannun zai ƙi. Allah ya sani, ya isa."

Ba a taɓa mayar masa da guduma ba. A kan ruwan fartanya ya ƙare. Ranar da ya rasu, aka ga mutanen hayi sun taho a ƙungiya, ba wanda ya buga gangami. Da aka gama bugun sujada, Gwamma, tana dogara sanda, ta roƙi a ba ta gudumar. Ta ɗaga, ta dakata yadda ta saba ji, ta buga sau ɗaya.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku kai gida. Filimon bai bar ƙofa buɗe ba. Samarin nan da ke tsaye a ƙofar majami'armu suna duba jaka, kada wanda ya ce rashin bangaskiya ne. Ni da aka ƙone wa gida ba zan ce a kwanta a saki baki ba. A rufe ƙofa, a sa mai gadi. Amma tsoro ba shi da ido, hannu kawai gare shi, kuma in kuka bar shi ya riƙe guduma, kowa mahari ne. Mai bin Almasihu yana rufe ƙofa saboda 'ya'yansa, sa'an nan ya fita da ƙafarsa ya tambaya, wane ne, me ya same ka.

Ku kuma masu cewa wa ya yi mana, ku ji. Filimon labarin duniya a bayan jaki yake zuwa masa, rabi ƙarya rabi gaskiya, duk da haka sai da ya nemi suna. Ku ga shi a tafin hannunku, da hoto, kuna ture shi da babban yatsa kamar ƙuda. Ku tsaya ku tambaya. Ina ne? Yaran wa ya ɗauke su? Wanda ya saba tambayar wahalar na nesa, ranar da ta zo bakin mashiginsa ba zai harbe ta ba. Kuma wa ya gaya muku babu wani gajeren mutum a wata ƙasa da ke ƙara bugu ɗaya dominmu, yana fama da sunan garinmu a harshensa? Ni da na tsira daga abin da na tsira, na daɗe ina zargin haka.

Yau in za a yi baiko, a yi. In kun durƙusa addu'a, ku bi ƙasashen ɗaya ɗaya, ko ba ku iya sunansu ba. In kun gama, kada ku tashi. Kowa a ɗakin nan yana da hayin koginsa, kowa ya san su wa ke can. Hannun zai yi nauyi, na sani. Ku bar shi ya daɗe a sama in ya so, amma ku sauke shi. Ubangiji ya ba mu ikon bugun ƙarshe. Amin.